Wa zai riƙe mini cocila?

Shekara 29 ke nan ina karɓar haihuwa, 11 daga ciki a asibitin ƙauyen da nake yanzu. Ba zan faɗi sunan garin ba, don mutanen da zan ambata suna nan da ransu, jikokinsu kuma sun iya Facebook fiye da ni.

Daren wata Laraba ce cikin Agustan 2015, marka ta kwana biyu ba ta ɗauke ba. Wajen ƙarfe biyu na ji Baba maigadi yana buga tagar ɗakina: "Malama, an kawo haihuwa." A amalanke aka kawo ta, an lulluɓe ta da tabarmar leda, mijinta na kora shanu, gwaggonta da wata 'yar budurwa ƙanwar mijin suna biye a ƙafa, caɓi har gwiwa. Haihuwarta ta bakwai. Tun hantsi take naƙuda, an sha rubutu, an yi tofi, an jira. Da na duba, kai ya riga ya sauko. Batirin sola ya mutu tun kafin sha biyu, rana ba ta leƙo ba kwana biyu, don haka na miƙa wa budurwar cocila na ce ta haska mini nan, kada ta motsa.

Ba a yi minti ashirin ba yaro ya faɗo, namiji, laƙwas, babu kuka. Na goge shi da zane da ƙarfi, na murza bayansa. Shiru. Abin da aka koya mana shi ne, jaririn da bai yi numfashi ba, kafin minti ɗaya ya cika a ɗora masa robar hura iska. Na yanke cibiya, na kai shi tebur, na fara matsawa ina ƙirge a zuci. Ina cikin haka na ji ƙara a bayana kamar an saki famfo a kan leda. Na waiga. Jini ne yake bin ƙafar gado. Allurar oksitosin, wadda ake yi wa mace da zarar ta haihu don mahaifa ta tsuke, tana kan tire, na riga na zuƙe ta a sirinji, ban dai samu hannun sokawa ba.

Robar hura iska hannu biyu take ci, ɗaya ya danne murfin a fuskar jariri, ɗaya ya matsa. Mace mai zubar jini kuwa ko hannu shida ba su yi mata yawa ba. Budurwar nan ta rasa wanda za ta haska, hasken ya je kan uwa ya dawo kan ɗa, bakinta na ta salati. Na ajiye yaron. Na soka allurar a cinya, na ciro mabiyiya, na murza mara har mahaifar ta yi tauri kamar ƙwallon goruba, sannan na kama hannun tsohuwar na ɗora a wurin. "Gwaggo, murza nan, ko hannunki zai tsinke kada ki daina." Jijiyoyin matar sun riga sun ɓuya, sai a karo na uku na samu, na ɗaura ruwa na sake shi gaba ɗaya. Jinin ya tsagaita. Na koma tebur na ci gaba da matsa robar kusan minti ashirin, alhali na san abin da na sani.

Tsohuwar ce ta dafa ni. "Malama, bar shi haka. Ba mai zama ba ne."

Da safe mijin ya dawo da ƙwan zabi a ƙwarya, ya durƙusa yana godiya. Na karɓa don kada in kunyata shi, na ba Baba maigadi. Na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi, kwanan yaron nan bai wuce haka ba. Amma na san sababin, kuma ba rashin magani ba ne, ba rashin kayan aiki ba ne, komai yana kan tire. Mutum ɗaya aka rasa wadda ta iya matsa roba.

Tun daga ranar, duk wanda ya zo mini da zancen inganta asibitocin karkara, tambaya ɗaya nake masa: mutum nawa ke ɗakin haihuwa da ƙarfe biyun dare?

A takarda, nas da ungozoma 9 gare mu a lokacin. Jadawalin yana manne a bango, an ja masa layi da jan biro, gwanin sha'awa. Ɗaya ta tafi ƙaro karatu. Biyu sun samo takarda daga manya an mayar da su birni, sunayensu dai ba su bar jadawalin ba. Ɗaya tana jego. Uku suna shigowa da motar safe su bi ta la'asar, ranar da babu kasuwa kuwa motar ma sai an yi sa'a. Masu kwana a garin mu biyu ne, in ɗaya ta yi dare ɗaya ta yi rana, in ɗaya ta kwanta zazzaɓi ɗayar ta haɗa duka. Naƙuda kuma ba ta san lokacin tashi daga aiki ba, ta fi ma son tsakar dare.

Da ina jin haushin masu guduwa, yanzu na rage. Ɗakin da aka ba ni da na zo, kwanon rufinsa kamar rariya, banɗakin babu ƙyaure, ruwa sai na aiki yara rijiya. Ni na zauna ne saboda maigidana ya rasu, 'ya'yana sun girma, babu mai jirana da tuwo. Yarinya 'yar shekara 24 mai goyo, mijinta a birni, babu makarantar da za ta saka ɗanta, me zai zaunar da ita? Wannan ma a inda ake barci da ido biyu rufe ke nan. Ƙawayena da ke aiki a Zamfara da yammacin Katsina, su lissafinsu daban ne, don can farar riga ba ta hana a ɗauke mutum.

An taɓa gwada magance wannan da gaske. A ƙarshen 2009 hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa ta fito da shirin tura ungozomomi karkara, wanda muke kira MSS. Aka kwaso sababbin fitowa, da marasa aiki, da waɗanda suka yi ritaya amma da sauran ƙarfinsu, aka raba su huɗu-huɗu a ƙananan asibitoci 652, kowane huɗu daga asibitocin an jingina su da babban asibiti guda. Ungozoma huɗu, ku lura, don a samu mai dare. Tsarin biyan kuma kashi uku ne: tarayya naira 30,000, jiha 20,000, ƙaramar hukuma 10,000 da ɗakin kwana. Dabarar ta yi kyau. Abin da ya ci ta shi ne a wurare da yawa kason jiha da na ƙaramar hukuma bai riƙa zuwa ba, ɗakin ma haka, ga wasu an kawo su daga nesa ba su jin yaren matan da suke dubawa. Da kaɗan-kaɗan suka tattara akwatunansu.

Yanzu kuma ga tafiya waje. A farkon 2024 magatakardar majalisar da ke ba mu lasisi ya ce nas da ungozoma kimanin 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. Mutum zai ce ina ruwan ƙauye da wadda ta tafi Ingila ko Saudiyya, ai ba daga ƙauye ta tashi ba. Da ruwansa. In ta tashi daga asibitin koyarwa, gurbinta daga babban asibitin jiha ake cike shi, na babban asibiti kuma daga wurinmu. Mu ne ƙarshen layi, babu wanda za mu jawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Rajistarmu ta ɗauki waɗanda suka iso ne kawai. Sauran sai dai ka ji an ce wance ta rasu wurin haihuwa, Allah Ya sa ta yi shahada.

Abin da aka fi yi mana da sunan ƙara ƙwarewa shi ne bita. Na je bita har na daina ƙirgawa, jakunkunan da aka raba mana kuwa jikokina ke zuwa Islamiyya da su. Kwana uku a otal mai sanyi, shayi da safe, shinkafa da kaza da rana, ambulan ranar tashi. Ba na raina ambulan ɗin, ya sha fitar da ni kunya. Sai dai sau da yawa wanda ake turawa ba shi ne mai kwana a ɗakin haihuwa ba, wanda sunansa ya fi kusa da mai rubuta sunaye ne. In kuwa ni aka tura, kwana ukun nan abokiyar aikina ita kaɗai ce dare da rana.

Karatun da ya zauna mini a hannu, a ɗakinmu na same shi. Wata tsohuwar metiron aka turo, ta shimfiɗa katifarta a ɗakina mako biyu. Ita ta cire mini tsoron allurar magniziyam, maganin jijjiga. Jijjigar masu ciki, wadda a ƙauye ake cewa iska ce ta taɓa mace a kira mai turare, hawan jini ne ke kawo ta, alamunta kuma ba ɓoyayyu ba ne: ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu. Maganin yana cikin kabad ɗinmu shekara da shekaru har ya lalace a sake kawowa, muna tsoronsa don an ce yana tsayar da numfashi. Ranar da aka kawo wata mai cikin fari tana taune harshe, metiron ta harɗe hannu ta ce, "Ke za ki yi." Giram 4 ta jijiya a hankali, giram 5 a kowane ɗuwawu. Ta nuna mini yadda zan buga gwiwa in ga ko ƙafa na harbawa, in ƙirga numfashi, in auna fitsari. Hannuna na rawa na yi. Ban sake jin tsoronsa ba. Bita goma ba su yi mini abin da tsayuwar matar nan a bayana ta yi ba.

Akwai wani bincike da nake alfahari da shi saboda 'yar gida ce ta ja ragamarsa a Najeriya, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Sunansa E-MOTIVE, sakamakonsa ya fito a 2023, an yi shi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Asalinsa abu ne da duk ungozoma ta sani a ranta: ido ba ya auna jini. Zane ya sha, katifa ta sha, ƙasa ta sha, kina cewa kaɗan ne har sai mace ta fara hamma tana neman ruwa. Sai aka kawo wata leda mai aljihu da layukan awo, a shimfiɗa ta ƙarƙashin mace da ta haihu. Da jinin ya kai rabin lita, ba a jira a gwada wannan a ga ko ya yi kafin a gwada wancan. A murza mahaifa, a yi oksitosin, a yi allurar tsayar da jini ta tiranekzamik, a ɗaura ruwa, a duba ko an yage, duka a tare. Mummunar zubar jini da abin da take jawowa suka ragu da kashi 60 cikin 100. Da na karanta na yi hamdala, sannan na ƙirga ayyukan a yatsuna, na kalli hannuwana. "A tare" ɗin nan da ya sa abin ya yi aiki, shi ne abin da mace ɗaya da cocila ba za ta iya ba.

Ko maganin da yake da sauƙi, sai da mai lokacin yin bayani. Oksitosin sanyi yake so, in ya kwana cikin zafin Afrilu babu firji, ruwa kawai kike sokawa. Shi ya sa ƙwayar misofurostol ta zama rufin asiri, guda uku mace ta haɗiye da zarar jariri ya fito. Jihar Sakkwato ta fara raba ta gida-gida tun 2013 tare da man shafa wa cibiya. Amma sai an zauna an ce wa mace, da kakkausar murya, kada ta kuskura ta sha kafin ɗa ya fito. Maganin cibiyar ma an taɓa samun inda aka ɗauka na ido ne aka ɗiga wa jarirai, aka yi asarar idanu. Ranar awo mata 70 a kan benci, ni kaɗai ina gwada jini, ina taɓa ciki, ina rubuta kati, ina raba maganin ƙarin jini da na zazzaɓi. Ina minti biyar ɗin da zan ba kowace?

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in faɗi namu. Ana yawan cewa matan karkara ba sa son asibiti, jahilci ne, kunya ce, miji ne bai ba da izini ba. Duk akwai. Akwai kuma bakinmu. Na yi wa masu naƙuda tsawa, na taɓa ɗaka wa wata duka a cinya don ta matse ƙafa kai na bakin fita, na faɗi maganganun da in na tuna yanzu sai in yi istigfari. Wata mata ta taɓa ce mini a gidan suna, ba ta san ni ce ba, "Gara in mutu a ɗakina da mutuncina da in je yarinya sa'ar 'yata ta zage ni." Gajiya ba hujja ba ce, na sani. Amma wadda ta yi awa 30 a tsaye ba ta da fuskar da za ta shimfiɗa wa kowa. Na lura da kaina, a watannin da muke mu huɗu, ko muryata daban take.

Inna ungozoma kuwa, ta gargajiya da ke garin, shekara biyu muka yi ba ma ga maciji. Ni ina ganin ita ke riƙe mata a gida har sai abu ya ɓaci, ita tana ganin na zo raba ta da tuwonta. Daga baya na gane ban ma fahimci aikinta ba. A al'adarmu mace ita kaɗai take durƙusawa a ɗaki, ba ta ko nishi mai ƙarfi don kada a ce raguwa ce, musamman a haihuwar fari. Sai ɗa ya faɗo ake aika wa ungozoma ta zo ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta yi wanka. Ashe lokacin da ya fi hatsari, babu kowa a wurin, har ita. Na saya mata goro da turmin atamfa na je har gida. Muka yi yarjejeniya: ta rako mace, ta shiga ɗaki ta zauna a gefen kai, in ba ta mabiyiya a leda ta kai gida a binne yadda aka saba, ladanta na wanka da na suna kuma babu mai taɓawa. Yau rabin matan da nake karɓa ita ke tasa su gaba, tana tafe tana faɗa wa mazajensu.

To, budurwar nan mai riƙe cocila. Auta ake ce mata a gida, ni ma haka nake kiranta. Bayan kwana arba'in ta rako matar yayanta, ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen hijabi. Sai da na tambaya sau biyu ta ce, "Mama, robar nan da kika yi ta matsawa, wuya gare ta?" Na ɗauko robar da 'yar tsanar da muke gwaji da ita na nuna mata. Cikin minti goma ƙirjin 'yar tsanar na ɗagawa. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Ta gama sakandare, amma babu sakamakon kimiyya da Turanci, kamar yawancin 'yan matan karkara da makarantarsu ba ta taɓa ganin malamin kimiyya ba. Nan ne ƙofar take rufewa. Allah Ya sa a lokacin akwai shirin Women for Health, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012 zuwa 2020 a Jigawa da Kano da Katsina da Yobe da Zamfara, daga baya Borno ta shiga. Suna da ajin share fage: gari ya zaɓi 'yarsa, a kai ta ta gyara sakamakonta, ta shiga makarantar jinya ko ta ungozoma, da sharaɗin za ta dawo ta yi wa garinsu aiki. Har ɗakin renon yara aka yi a wasu makarantun saboda matan aure. Wahalar ba a makaranta take ba, a zaure take. Sau uku ina zuwa wurin mahaifinta. Ya ce 'ya mace ta kwana a wani gari ba aure ba, me za a ce? A zuwa na uku na tafi da liman da mai unguwa. Liman ya tambaye shi, "Malam, in surukarka ta sake durƙusawa, namiji kake so ya duba ta ko 'yarka?" Tsohon ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya ce Allah Ya sa albarka.

Ta yi karatun ungozomar al'umma na shekara biyu, ta dawo da lasisinta. Abin da ta iya wanda ni ban iya ba, ba a makaranta ta koya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta san gidan da kishiya ce ke hana zuwa awo, ta san mijin da sai an bi ta wurin yayarsa, ta san wadda ke ɓoye ciki wata biyar. Shekara nawa ina faɗa a kan kunun kanwa da ruwan wanka mai saluɓe fata. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka gano yawan ciwon zuciya a wurin masu jego, suka danganta shi da kanwar da ake sha da zafin da ake gasa jiki da shi. Ina faɗa ana cewa to Malama, ana komawa gida ana dama abin da aka saba. Auta ba ta ce a daina ba. Ta shiga madafa ta ce wa tsohuwa, "Iya, rage kanwar, ƙara gyaɗa, ruwan kuma a sirka har ki iya tsoma gwiwar hannunki." Aka rage. Haka ta yi da dakashi, nonon farko da ake matsewa a zubar ana cewa dauɗa ne. Haka ta yi da bakwaini: maimakon a naɗe shi a tsumma a ajiye gefen garwashi, a ɗaura shi tsirara a ƙirjin uwa, fata da fata, a rufa da zane. Wannan dabarar daga Kolombiya ta fito a ƙarshen shekarun 1970, amma Auta ce musu ta yi goyo ne aka juyo gaba, kowa ya gane. Da damina, lokacin rabon maganin rigakafin zazzaɓi na yara 'yan ƙasa da shekara biyar, tana tafe da zaren awon dantse a aljihu, kafin yaro ya kumbura da tamowa ta riga ta aiko shi.

Akwai abin da ya fi ƙarfinmu ko mu goma ne. Ba ma tiyata, ba mu da ma'ajiyar jini. Namu shi ne mu gane da wuri mu tura. Takardar bin naƙuda, in ana cike ta a kan lokaci, ita ke nuna cewa kai ba ya saukowa tun kafin mace ta kwana biyu tana fama ta ƙare da yoyon fitsari a asibitin Babbar Ruga ko na Jahun, inda ƙungiyar agaji ta Likitocin Ba Iyaka take aikin gyaransa tun 2008. Direbobin tasha sun taimaka ƙwarai a inda aka koya musu ɗaukar mai naƙuda a kuɗin mai kawai, ladansu a ba su lodi ba tare da bin layi ba. Lambar uku daga cikinsu tana rubuce da gawayi a bangon ɗakinmu. A Nuwamban 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, na kuma yi murna, don na ga mazan da suka sayar da akuya da hatsin shekara a bakin ɗakin tiyata. Amma kyautar daga ƙofar babban asibiti take farawa. Kafin nan sai wata ta farka a ƙauye, ta duba, ta ce a tafi yanzu.

Kuɗin asusun lafiya na matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, ya fara isowa gare mu. Mun canza rufi, mun sayi batir, safar hannu ba ta yanke mana kamar da. An kuma ce an ƙara gurbin ɗaukar ɗalibai a makarantun jinya da sauran na kiwon lafiya daga 28,000 zuwa 64,000. Madalla. Sai dai yaye ɗalibai daban, ɗaukarsu aiki daban. Auta shekararta ta biyar ke nan tana aikin sa-kai. Abin da ake ba ta a wata, in an ba ta, bai kai kuɗin buhun masara ba. Sau huɗu ana karɓar takardunta. A garuruwan da ke kewaye da mu na san irinta shida, masu lasisi, suna zaune a ɗakin aure ko suna sayar da magani a kemis, asibitin garinsu kuma ana rufe shi da kwaɗo da la'asar. Jadawalinmu har yau yana ɗauke da sunayen mutanen da Baba maigadi bai taɓa ganin fuskarsu ba.

Makon jiya aka kawo mana tagwaye, haihuwa ta biyar, wajen ƙarfe uku na dare. Hassana ta fito da kukanta. Usaini ya fito shiru, uwar kuma ta ɓalle da jini, kusan yadda aka yi a wancan daren. Ban ko ɗaga kai ba. Ina murza mara ina jin ƙarar robar a bayana, fuf, fuf, fuf, Auta na ƙirgawa a fili, Inna ungozoma na riƙe da ledar ruwa sama tana yi wa kowa faɗa. A wajen ƙirga na arba'in yaron ya yi wani ɗan tari, sannan ya tsala ihu.

Da muka gama wanke kaya an kusa kiran assalatu. Muka zauna a benci, Baba maigadi ya kawo mana shayi a kofin silba. Auta ta daɗe tana juya kofin, sannan ta ciro wayarta ta nuna mini saƙo. Wani asibitin kuɗi ne a birni, sun ce ta fara ranar ɗaya ga wata, albashi da ɗaki. Mahaifinta ya tsufa, yayanta bai samu damina ba, ita ke sayen maganin hawan jinin tsohuwarta.

"Mama, me kika gani?"

Saura shekara shida in ajiye aiki, gwiwoyina kuma ba na jin za su kai. Na ce ta bari in yi istihara. Yau kwana biyar, ba ta sake tambaya ba, ni ma ban tayar da zancen ba. Gobe Talata zan bi motar kasuwa in sake kai takardunta, karo na biyar, na riga na saka su a leda saboda ruwa.